Kaset ɗin Ɗakin Tattabaru

Ellerthorpe, 9 ga Maris, 1998

Lewin, ɗan uwana mai manyan kunnuwa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kuma London ba ta gama cinye ka ba. Mu nan ba laifi. Baba dai ƙirjin ne, ka san ƙurar kwal ba ta sakin mutum don an rufe ramin haƙar kwal. Yanzu sai ya tsaya sau biyu kafin ya kai ɗakin tattabarunsa, ga ƙafar hagun nan da yake ja, amma ko kwana ɗaya bai fasa zuwa ba. Likita ya ce ya rabu da tsuntsayen, shi kuma ya ce likitan ya rabu da shi.

Faifanka na biyu ya iso. Mun saurara a shagon Doreen bayan mun sallami masu zuwa gyaran gashi. Waƙoƙin soyayya har goma sha ɗaya, wace ce wannan da ta wahalar da kai haka? Doreen ta ce muryar da daɗi, amma da ji ba ka cin abinci.

To ga abin da ka dame ni da shi tun Kirsimeti, yana cikin ambulan ɗin nan. Ranar Lahadi na sa ƙaramar rikoda a aljihun rigar sanyi, na bi Baba ɗakin tattabaru da butar shayi, na ja shi da hira. Ya ba da labarin yajin aikin mahaƙan kwal tun daga watan farko: yadda suka riƙa tsintar ɓurɓushin kwal a juji, da tukunyar miyar da mata suka kafa a zauren ƙungiya, da safiyar da suka koma rami bayan shekara guda, tuta a gaba, 'yan badujala na busa, kowa kansa a ɗage alhali an ci su. Minti arba'in yana magana.

Bai san na ɗauka ba, kamar yadda bai san ina rubuta maka ba. Shekara goma sha huɗu ke nan tun da Baffa Norman ya hau motar nan mai raga a taga ya koma aiki ana tsakiyar yaji, kuma har yau Baba bai ƙara furta sunan ƙanensa ba. Naka sunan ma ya bi na mahaifinka. Ni dai na ce yaro ɗan shekara goma sha biyu bai hau motar kowa ba, shi ya sa ban yar da kai ba. Ka ce kana so ka ji muryar gida. Ga ta nan, amma kunnenka kaɗai, ka ji ni ko? Ka ci gaba da aiko wasiƙa ta shagon Doreen.

Yayarka,
Bernice

London, 20 ga Afrilu, 1998

Yaya Bern,

Ina gaishe ki, ina gaida Doreen, ki ce mata ina cin abinci, tsada ce kawai ta yi masa yawa. Lafiyata lau. Na je Swindon makon jiya na duba Babana. Tun shanyewar jikin nan maganarsa ba ta fita sosai, amma yana gane mutane, yana kuma iya riƙe kofi da hannun dama.

Kaset ɗin nan ya hana ni sukuni. Na saurare shi sau nawa ban sani ba. Ashe na manta yadda mutanenmu ke jan magana, da yadda Baffa Wilf ke yin shiru tsakanin kalma da kalma kamar yana auna ta. Har kukan tattabarun ya fito.

Bari in gaya miki gaskiyar sana'ar nan. Faifaina na farko, *Jirgin Yamma*, abokaina ne suka saya. Na biyun, *Gidan Haya*, kin ji shi, ba wanda ya zage shi kuma ba wanda ya tuna shi. Mutumin kamfanin ya zaunar da ni ya ce, "Lewin, masu kukan budurwa da jita sun cika garin nan. Kai daga ina kake? Ban ji ƙasarku a bakinka ba." Na fito raina a ɓace, domin ya yi gaskiya. Shekara goma sha huɗu ina ɓoye inda na fito.

Bayan na ji kaset ɗinki, waƙa tara na rubuta cikin mako uku. Duk a kan yajin ne. Zan sa wa faifan suna *Wata Goma Sha Biyu*, har mun samo 'yan badujala na gaske su busa a ciki. Na ɗan sauya wasu abubuwa, kin san mai waƙa ba ɗan jarida ba ne. Amma ina jin wannan karon na faɗi abin da ke raina.

Ƙanenki,
Lewin

Ellerthorpe, 14 ga Yuli, 1998

Mai kunnuwa,

Muna lafiya, Baba ma da sauƙi tunda zafi ya shigo. Tattabararsa mai toka-toka ta zo ta biyu a tseren da aka sako su daga Faransa, ba a samun wurin zama a gidan nan don alfahari.

Wata uku ba wasiƙa, ka zama babban mutum ke nan. Na ji daɗi da za ka yi waƙa a kan garinmu. Ka sauya sunayen tituna yadda ka ga dama, amma kada ka sa Doreen a ciki, za ta buga a allon shago. An yi taron mahaƙa na shekara ranar Asabar, Baba ya bi tuta har rabin hanya kafin numfashi ya zaunar da shi.

Rubuto, malalaci.
Bernice

Ellerthorpe, 11 ga Oktoba, 1998

Lewin,

Ina fatan kana lafiya, domin ina so ka karanta wannan da idonka garau. Baba yana nan da rai. Iyakar abin da zan ce game da lafiyarsa ke nan.

Ranar Asabar ta makon jiya, da rana, muna kicin. Ina feraye dankali, shi yana jiran labarin yanayi a rediyo saboda tsuntsayensa. Sai mai gabatarwa ya ce ga sabon faifan Lewin Applegarth. Na miƙa hannu zan kashe, Baba ya ce, "Bar shi." Mutumin ya ci gaba, ya ce faifan ya buɗe ne da muryar mahaifin mawaƙin, Norman Applegarth, mahaƙin da ya tsaya wata goma sha biyu cur bai koma ba.

Sai ga muryar Babana, Wilf Applegarth, tana fitowa daga rediyon da ke kan firij. Yana ba da labarin jujin kwal, tattabaru suna kuka a bayansa. Ko gyara kaset ɗin ba ka yi da kyau ba, Lewin. Ana cikin haka sai aka ji cokali a kofi, aka ji wata mace ta ce, "Baba, in ƙara maka shayi?" Duk ƙasar Ingila ta ji ni. Baba ya juyo ya dube ni, wuƙa a hannuna, dankali a ɗayan.

Da a nan ka tsaya, da na ce ɗa ne ya ara wa ubansa riga. Amma suka sa waƙa ta gaba, wadda ka kira "Mai Tattabaru". Mutum mai jan ƙafar hagu, mai ɗakin tsuntsaye a bayan gida, ya ba su hatsi da safe sannan ya hau mota mai raga a taga ya koma aiki. A garin nan mutum nawa ne mai jan ƙafar hagu da tattabaru? Ka ɗauke shekararsa ka ba mahaifinka, sannan ka ɗauko motar mahaifinka ka sa shi a ciki.

Ya saurara har ƙarshe. Da aka gama ya ce, "Yaron ya iya waƙa." Sannan ya kama kujerarsa ya juya ta ta fuskanci taga. Kwana takwas ke nan bai ce mini uffan ba. Ina kai masa shayi, yana sha. Ina ajiye abinci, yana ci. Idan na yi magana sai ya dubi waje. Na san wannan kallon, na ga yadda ya yi wa Baffa Norman shi a bakin coci.

Ranar Laraba ya je kulob ɗin mahaƙa kamar kullum. Tsoho Cuthbert Raine, wai shi mai barkwanci, ya ɗaga murya ya ce, "Wilf, ashe kai ne ka hau motar nan muna can muna gyangyaɗi? Shekara sha huɗu kana shan giyarmu, munafuki." Aka yi dariya, don kowa a wurin ya san gaskiya. Baba ya ajiye kofinsa cike ya fito. A shago kuwa, matar Cuthbert ta zauna a ƙarƙashin injin busar da gashi tana cewa, yadda zan ji, "Ni dai ina mamakin yadda murya ke tashi daga bayan gidan mutum ta sauka London. Ko tattabara ce ta kai?"

Na ce maka kunnenka kaɗai. Ni kaɗai ce a garin nan na riƙe ka ɗan uwa, kuma da hannuna ka mari mahaifina. Raina ya ɓaci, kunya kuma ta fi ɓacin ran yawa. Ka gaya mini dalili.

Bernice

Glasgow, 20 ga Satumba, 1998

Yaya Bern,

Ina gaishe ki daga hanya, muna yawon wasa gari-gari kafin faifan ya fito. Lafiyata ƙalau, sai gajiya da mura. Ina fatan ƙirjin Baffa ya yi sauƙi.

Akwai abin da ya kamata ki ji daga bakina kafin ki ji a wani wuri. Na sa muryar Baffa Wilf a farkon faifan. A takardar da ke ciki na rubuta cewa ta Babana ce. Akwai kuma wata waƙa da za ta yi miki zafi.

Da farko ban yi niyya ba. Na kunna kaset ɗin a ɗakin ɗaukar waƙa, mai haɗa sautin ya ce, "Wannan babanka ne?" Na ji bakina ya ce e. Karo na farko a rayuwata da wani ya dube ni da girmamawa saboda ubana. Ban iya janyewa ba, daga baya kuma ban so ba.

Ke kin san labarin daga gefen da tuta take. Ni na san shi daga cikin gidan da aka fasa wa taga sau huɗu. Ƙanwata Joy tana jaririya tana tari, ba wuta a murhu, Mama tana ƙona tsofaffin takalma don ɗumi. Abin da ya sa Baba ya hau motar ke nan. Kin tuna jana'izar Kaka? Na je wurin Baffa Wilf na miƙa masa hannu, ina ɗan shekara sha biyu, sanye da kwat ɗin aro. Ya dubi saman kaina kamar ba kowa a wurin, ya juya. Shi ne ya koya mini riƙe ɗan tattabara ba tare da na matse shi ba. Ina so ya ɗanɗana motar nan ko da na minti huɗu ne.

Mutanen Ellerthorpe sun san gaskiya, ba abin da waƙa za ta rage masa. Ki yafe mini in kin iya.

Lewin

Ellerthorpe, 19 ga Oktoba, 1998

Lewin,

Muna nan yadda ka bar mu. Baba yana tari, ba ya magana.

Wasiƙarka ta Glasgow ta iso ranar Juma'a. A ciki ka rubuta 20 ga Satumba. Hatimin gidan waya a bayan ambulan ya ce 14 ga Oktoba, kuma daga London. Wato mako uku tana kwance a akwatin jitarka, sai da tawa ta same ka sannan ka tuna da kan sarki. Da ta zo a kan lokaci, da na durƙusa gaban Baba na gaya masa da bakina kafin rediyo ya riga ni.

Na tuna jana'izar Kaka. Ina tsaye a bayansa, na ga hannunka a miƙe, na yi kuka a kan abin a ranar, kuma shi ya sa na nemi adireshinku. Abin da ya yi maka bai kyauta ba. Da ka yi waƙa ka faɗi haka, da sunansa, da na saya na ajiye. Da ka yi waƙar Joy da takalman da aka ƙona, da ita ce waƙar da ba wanda ya taɓa yi wa garin nan. Kana da gaskiya a hannu ka zaɓi ƙarya.

Ka ce mutanen Ellerthorpe sun sani. Su nawa suka rage? Rami a rufe, matasa sun watse, muna binne tsoho ɗaya kusan duk wata. Faifanka zai daɗe bayan sun tafi.

Abu ɗaya nake nema. Ka koma gidan rediyon nan ka faɗi muryar wane ne, ka kuma faɗi wanda ya hau motar.

Bernice

London, 2 ga Maris, 1999

Yaya Bern,

Ina gaishe ki, ina fatan sanyin bana bai taɓa Baffa da yawa ba. Ni lafiya, aiki ne ya yi yawa. Na san na daɗe ban amsa ba. Na fara wasiƙar nan sau biyar.

Wataƙila kin ji an sa *Wata Goma Sha Biyu* cikin faya-fayan da ake duba wa lambar yabo. Zaurukan da nake wasa yanzu cika suke yi. Tsofaffin mahaƙa daga Wales da Yorkshire suna jira na a bakin ƙofa, su riƙe hannuna su ce in gaida mahaifina. Ba na jin daɗin hakan yadda kike zato.

Na yi niyyar yin abin da kika ce, har na gaya wa kamfani, suka ce in jira a wuce bikin ba da lambar. Amma ba su ne suka hana ni ba. Na kai wa Baba faifan Swindon. Yanzu kullum sai Mama ta kunna masa farkon. Yana zaune yana gyaɗa kai, bakinsa yana bin maganar. Ran nan ya kama hannuna ya ce, da ƙyar, "Na faɗe shi daidai, ko?" Bern, ya yarda shi ne. Ciwon ya share masa motar, ya bar masa wannan. Shekara sha biyar ban ga ya ɗaga kai ba sai yanzu. Ta yaya zan shiga rediyo in ƙwace?

Ki ba ni lokaci. Likitoci sun ce ba zai daɗe ba, bayan nan zan faɗi komai. Na sa tikiti biyu na wasan Newcastle a ciki, ko za ki zo mu yi magana.

Ƙanenki har kullum,
Lewin

Ellerthorpe, 6 ga Yuni, 1999

Lewin,

Lafiyata lau. Ba sauran wanda zan ba ka labarin lafiyarsa a gidan nan. Baba ya rasu ranar 21 ga Mayu, da hantsi, a kujerarsa. Kai kana jiran naka ya tafi kafin ka faɗi gaskiya, nawa ya riga shi.

Bari in gaya maka yadda watannin suka tafi, tunda kana son kayan waƙa. Tun cikin hunturu baƙi suka fara zuwa, faifanka a hannu, suna zagaya gari. Wasu suka gano ɗakin tattabaru daga kan hanya suka tsaya suna ɗaukar hoto. Wani ya yi tofi a shingen. A Fabrairu Baba ya sa tsuntsayensa ashirin da shida a kwando ya ba wani mutum a ƙauyen gaba, tsuntsayen da ya yi shekara arba'in yana tace jininsu. Ka san halinsu. Duk lokacin da mutumin ya sake su sai su dawo, su jeru a rufin ɗakin suna jiran a buɗe. Baba yana kallonsu ta taga, bai buɗe ba. Mutumin ya zo ya kwashe, su sake dawowa.

Wata bakwai da kwana goma sha takwas bai yi mini magana ba. Ni nake aske shi, ni nake ɗaga shi idan tarin ya turnuƙe. Safiyar ranar na kawo shayi, mai toka-tokan nan tana kan rufi ita da wasu biyar. Bai juyo ba, ya ce, "Buɗe musu." Na fita da gudu ba takalmi na buɗe, na zuba hatsi. Da na dawo ya tafi. Ban sani ba ko yafe mini ya yi, ko tsuntsayen kawai ya tausaya wa, kuma ba wanda zan tambaya.

An yi masa abin da ake yi wa wanda ya cika shekarar yajin bai koma ba. An fito da tuta daga zaure, an ɗaura mata baƙin ƙyalle, 'yan badujala suka bi gawar tun daga ƙofar gida har coci. Cuthbert Raine ya riƙe sanda ɗaya ta tutar yana kuka kamar yaro. A bakin maƙabarta wasu ɗalibai biyu, mace da namiji, suka tsaya gefe da ladabinsu. Yarinyar ta matso ta ce mini, "Yi haƙuri, Anti, jana'izar wa ake yi?" Na ce ta Wilf Applegarth. Ta ce, "Ɗan uwan Norman? Mai tattabarun?" Ta dubi abokinta, ta rage murya ta ce, "To me ya sa aka fito masa da tuta?"

Ba ta da laifi, a wurinka ta koya.

Ga tikitinka na mayar. Kada ka je rediyo saboda ni, wanda zai ji ba ya nan. Ka bar Baffa Norman da abin da ka ba shi, ba na yi masa ƙyashi. Na gaya wa Doreen duk wasiƙar da ta zo daga gare ka ta mayar ba a buɗe ba. Shekara goma sha biyar ina cewa yadda garin nan ke juya wa mutum baya zalunci ne, har yanzu ma haka nake gani. Amma na zauna wata bakwai a bayan kujerar nan, na ga yadda ake juya ta, kuma ba wuya.

Bernice Applegarth,
'yar Wilf mai tattabaru, wanda ya yi wata goma sha biyu bai koma ba.